Shagon labaran ƴan sanda na Wadata: abin da ke cikinsa da abin da ya rasa

A bayan tashar motoci ta Wadata, a birnin Yamai, cikin layin masu gyaran wayar salula da masu sayar da caja, akwai wani ɗan shago marar allon suna wanda sana'arsa biyu ce: bayar da hayar tsofaffin littattafan Faransanci, da tura finafinai masu dogon zango a waya ko a katin memori. Shagunan turi sun cika gari, daga Katako har Harobanda, kuma kayansu kusan iri ɗaya ne, wato waƙoƙi da finafinan Kano da fassarar Indiya da bidiyon kokowa. Abin da ya ware wannan shago daban shi ne mai shi ya tsaya a fanni guda ya ƙware a kansa, wato labaran binciken laifi, musamman waɗanda jaruminsu ɗan sanda ne mai tabo a halinsa. A ganina duk mai son irin waɗannan labarai ya kamata ya san wurin, amma akwai aibobi na gaske da ya dace a faɗa masa kafin ya je.

Tsarin aikin ba shi da wuya. Mai son littafi yana ajiye jingina ta jika ɗaya, ya biya dala 20, a rubuta sunansa a kundi, ya tafi da littafin har mako guda. Mai son fim yana miƙa waya ko kati, a tura masa zango guda a kan dala 50 daga tsohuwar kwamfutar da ke kan tebur, kuma akwai batir da faifan sola da ke riƙe ta idan aka ɗauke wuta, abin da ba baƙo ba ne a lokacin zafi. Farashin bai bambanta da na sauran wurare ba. Ribar mai saye tana cikin shawarar da ake ba shi kyauta, domin mai shagon, wanda samari ke kira Baba, manya kuma su ce masa Malam, ba ya yaba abin da bai kalla ko bai karanta ba, kuma kafin ya ba mutum shawara yakan tambaye shi abin da ya gani a baya da abin da ya gundure shi a ciki.

Ba ya jera kayansa bisa ƙasa ko shekara, bisa halin jarumin yake jera su. A gefe ɗaya akwai mai bincike mai tsabtar hannu, irin kwamishina Maigret na Georges Simenon, wanda aka rubuta littattafai 75 a kansa daga 1931 zuwa 1972, mutum mai haƙuri da sauraro, mai komawa gida wajen matarsa bayan aiki. A ɗaya gefen, wanda ya fi girma, akwai ƴan sandan da ke shan giya, ko yin ƙarya a rahoto, ko marin wanda ake tuhuma, ko rufa wa abokin aiki asiri, kuma duk da haka labarin ya ɗora su a matsayin waɗanda za a bi. Bangon littattafan wannan gefe ya fi tsufa da yagewa saboda yawan hannu, kuma finafinansa ne ake yawan nema daga fadojin unguwanni.

Na sha jin ana cewa abin da ke jan matasa zuwa ga waɗannan labarai shi ne duka da harbe-harbe. Ban yarda da wannan ba, domin finafinan faɗa zalla sun fi arha kuma sun fi yawa a kowane shago, mai neman jini ba sai ya zo Wadata ba. Abin da ke riƙe mutum a nan tambaya ce ta daban. Labarin mai bincike mai tsabta yana tambayar wanda ya aikata laifin, kuma da zarar an gano shi zance ya ƙare. Labarin ɗan sanda mai tabo sau da yawa yana nuna mai laifin tun da wuri, sannan ya bar mai kallo da abin da ya fi nauyi: an san mutumin, amma babu hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali, lokaci yana ƙurewa, iyayen wanda aka kashe suna zaune a bakin ofis suna jira, to me za a yi, kuma wa zai biya kuɗin abin da aka yi? A daidai wannan gaɓa mai kallo yakan sami kansa yana fatan jarumin ya karya doka, yana cewa a zuciyarsa ai mari ɗaya ba komai ba ne. Marubuci na ƙwarai yana barin mai kallo ya yi wannan fata, sannan ya nuna masa inda marin ya kai. Wannan shigar da mai kallo cikin laifi ita ce gishirin fannin gaba ɗaya.

Akwai kuma dalili na kusa da gida. Mutumin Yamai ya san ɗan sanda a matsayin ɗan Adam kafin ya san shi a matsayin kaki. Maƙwabci ne, ko ƙanin mata, ko abokin karatu, wanda albashinsa ke ƙarewa kafin wata ya ƙare, wanda dangi ke bugo wa waya da dare domin a saki ɗansu da aka kama, wanda wani babba ke iya kira ya ce a sassauta. Mun kuma san cewa hannun da ke karɓar na goro a bakin hanya akwai hannun da ya miƙa masa, kamar yadda ake cewa idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wanda ya san wannan ba zai gamsu da ɗan sandan da aka zana kamar mala'ika ba, ba kuma zai gamsu da wanda aka zana kamar shaiɗan ba. Zai fi gaskata wanda ke son yin daidai, yana kuma da rauni, yana aiki cikin tsarin da ke matsa shi daga sama da ƙasa.

Saboda haka abin da na fi yaba wa shagon shi ne yana da fim ɗin Faransa mai suna Engrenages cikakke, zango 8, kashi 86, wanda tashar Canal+ ta nuna daga 2005 zuwa 2020, kuma ya ci kyautar Emmy ta ƙasa da ƙasa a 2015. Ga ɗan Nijar wannan fim yana da daɗin da finafinan Amurka ba su da shi, domin tsarin shari'ar da ke ciki shi ne wanda muka gada daga Faransa. Babu taron masu taya alƙali yanke hukunci a kowane kashi, babu lauya mai tsalle yana ihu a kotu. Akwai mai shigar da ƙara na gwamnati, akwai alƙali mai bincike wanda ke ba ƴan sanda umurni, akwai ƴan sandan shari'a da ke aiki a ƙarƙashinsu, kuma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa zuwa kwamisariya ko kotu a nan zai gane matakan ɗaya bayan ɗaya. Jarumar ita ce kyaftin Laure Berthaud, wadda Caroline Proust ta fito a matsayinta, mace mai naci da ba ta barci idan bincike bai ƙare ba, amma wadda rayuwarta ta gida a wargaje take, kuma wadda ta sha lanƙwasa gaskiya domin ta kare mutanenta. Na hannun damanta, Gilou, tun a zangon farko an nuna shi yana shan hodar iblis, kuma dangantakarsa da masu ba shi labari a cikin ɓarayi kullum tana kan iyakar halal da haram. Shi kansa alƙali Roban, wanda ya fi kowa riƙon doka a cikinsu, taurin kansa yana cutar da na kusa da shi.

Ƙashin bayan fim ɗin shi ne agogon tsarewa. A Faransa ɗan sanda yana iya tsare wanda ake zargi da laifi na yau da kullum na sa'o'i 24, a ƙara wasu 24 da izinin mai shigar da ƙara, yayin da a Nijar wa'adin farko sa'o'i 48 ne. Kusan duk wata karya doka da ake gani a fim ɗin daga wannan agogo take fitowa: sa'o'i suna tafiya, mutumin ya ƙi magana, idan wa'adi ya cika dole a sake shi ko a kai shi gaban alƙali da hujja. Fim ɗin ya daɗe har ya ratsa sauyin dokar Faransa ta 2011, wadda ta ba lauya damar zama tare da wanda aka tsare lokacin da ake yi masa tambayoyi, don haka mai kallo yana ganin yadda ɗakin tambaya yake kafin sauyin da bayansa. Mu ma ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Na ga ɗaliban shari'a na jami'ar Abdou Moumouni suna tsallako gada domin wannan fim, kuma ina ganin ba su yi asarar kuɗin taksi ba.

Sai dai ba duk ɗan sanda mai tabo ne ya cancanci lokacin mai kallo ba, kuma a nan ne shawarar mai shagon take da amfani. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne ko labarin ya nuna wanda aka zalunta, ko kuwa ya ɓoye shi. The Shield, wanda aka nuna a Amurka daga 2002 zuwa 2008 cikin zango 7, ya ci wannan jarrabawa fiye da kowane fim da ke cikin kwamfutar. Jaruminsa Vic Mackey yana harbe abokin aikinsa ɗan sanda a ƙarshen kashi na farko, da gangan, saboda ya riga ya gano cewa yana kai rahotonsa. Bayan wannan fim ɗin ya shafe shekaru yana nuna shi yana ceton yara, yana kama masu fyaɗe, yana kula da ƴaƴansa, har mai kallo ya kusa mantawa, sannan ya dawo da kisan ya ajiye a gabansa. An samo tushen labarin daga abin kunyar sashen Rampart na ƴan sandan Los Angeles a ƙarshen shekarun 1990, inda aka soke hukunce-hukunce fiye da 100 bayan an gano cewa ƴan sanda sun dasa hujjoji sun kuma yi shaidar zur. A cikin waɗanda abin ya shafa akwai Javier Ovando, saurayin da ƴan sanda suka harba a 1996 ba shi da makami, ƙafafunsa suka shanye, aka ɗora masa bindiga, aka yanke masa shekara 23, sai a 1999 aka sake shi. Duk wanda ya san wannan ba zai kalli Mackey da sha'awa zalla ba, kuma fim ɗin bai nemi a yi hakan ba.

A ɗaya ƙarshen akwai irin Dabangg na 2010, wanda Salman Khan ya fito a matsayin Chulbul Pandey, ɗan sandan da ke ƙwace kuɗin sata daga hannun ɓarayi ya riƙe. Fim ne na nishaɗi, fassararsa ta Hausa tana da ban dariya, kuma ban ga laifin wanda ya kalle shi domin ya huta ba. Amma a cikinsa duka yana zuwa da kiɗa, wanda aka daka kullum ya cancanci dukan, kuma babu wanda ke kwana a asibiti bisa kuskure. Wannan ba ɗan sanda mai tabo ba ne, gwarzo ne da aka yi wa ado da laifi, kuma idan yaro ya taso a kan irinsa kaɗai zai ɗauka cewa doka cikas ce ga adalci. Braquo, fim ɗin Faransa na Olivier Marchal, wanda shi kansa tsohon ɗan sanda ne, ya faro da ƙarfi a 2009 da labarin wasu ƴan sanda da suka ƙetare iyaka domin wanke sunan abokinsu da ya kashe kansa, amma a ganina daga baya ya koma tarin gawawwaki, nauyin laifin ya ragu yayin da ƙarar bindiga ta ƙaru. Mai shagon yana faɗa wa mutane hakan kafin su biya, ko da yake faɗin yana rage masa ciniki, kuma wannan gaskiya tasa ce ta sa na amince da sauran shawarwarinsa.

Kantar littattafan ƙarama ce, amma an zaɓe ta da hankali. Akwai littattafan Moussa Konaté na Mali, wanda ya rasu a 2013, masu ɗauke da kwamishina Habib na Bamako. Habib ba mai cin hanci ba ne, rauninsa na wani iri ne da ɗan boko na Sahel zai gane nan take: makarantar Turawa ta koya masa neman hujja, amma ta nisanta shi da mutanen da yake bincike a cikinsu. A L'Empreinte du renard na 2006 an tura shi ƙasar Dogon binciken wasu mace-mace, inda ya tarar da al'umma mai nata hukunci da nata sirri, wadda ba ta ganin dokar Bamako ta shafe ta, kuma dole ya auna ko gaskiyar da ya gano za ta gyara wani abu idan ya kai ta kotu. Akwai Morituri na Yasmina Khadra, na 1997, inda kwamishina Llob, mutum mai kaifin harshe da saurin hannu, yake aiki a birnin Aljas a tsakiyar yaƙin basasar shekarun 1990, tsakanin masu kisa da sunan addini da manyan ɓarayin gwamnati. Marubucin a lokacin hafsan soja ne mai suna Mohammed Moulessehoul, wanda ya ɓoye a bayan sunayen matarsa har zuwa 2001, kuma ana jin tsoron wancan zamani a kowane shafi. Akwai kuma ƴan littattafan Chester Himes, baƙar fatar Amurka da ya yi zaman kurkuku kafin ya koma Faransa, wanda ya ƙirƙiri ƴan sanda biyu baƙaƙe a unguwar Harlem ta birnin New York, masu tsananin duka, masu tsaron dokar da ba ta ɗauke su daidai da farare ba. Waɗannan uku sun isa su nuna cewa fannin ba na Turawa kaɗai ba ne.

Aibi na farko shi ne kula da kaya. Ƙurar hunturu ta shiga littattafan, wasu sun rasa shafuka, kuma a labarin bincike rashin shafi biyu na ƙarshe daidai yake da rashin littafin duka. Ya kamata a riƙa duba kowane littafi idan aka dawo da shi, kafin a mayar da jingina. A ɓangaren turi ma akwai sakaci, musamman idan yaron shagon ne ke kan kwamfuta: kashi na bakwai yana iya zuwa kafin na shida, wani kashin murya ta riga hoto, wani zangon da muryar Faransanci, na gaba da shi kuma da Ingilishi da rubutun fassara ƙanana da ba a iya karantawa a waya. Ana gyarawa ba tare da ƙarin kuɗi ba idan mutum ya koma, amma komawa Wadata daga Yantala ko Talaje ba kyauta ba ne.

Aibi na biyu ya fi damuna. Yawancin waɗannan finafinai na manya ne, akwai gawawwaki a fili, da fyaɗe, da tsiraici, da shan ƙwaya, kuma na ga ana tura su ga yara ƴan koleji ba tare da an tambayi shekarunsu ba. Mutumin da ya san kayansa kamar yadda Malam ya san nasa ba shi da uzurin rashin sani. Labarin da ke buƙatar mai kallo ya rarrabe tsakanin fahimtar jarumi da yarda da aikinsa ba na ɗan shekara 13 ba ne, kuma iyaye da yawa ba su san abin da ke cikin katin da ke wayar ɗansu ba. Dole kuma a faɗi cewa turin finafinai, a nan da sauran shaguna, ba ya mayar da ko dala ga waɗanda suka yi aikin, don haka wanda yake da halin biyan kuɗin tasha ya kalla ta hanyar da ta dace, hakan ya fi. Hayar littafi ba ta da wannan matsala.

Akwai kuma giɓin da ba laifin mai shagon ba ne kaɗai. In ban da fassarar Indiya, duk abin da ke wurin da Faransanci ko Ingilishi yake, saboda haka ɗan kabu-kabu ko mai shayin da bai yi lakwal ba, wanda shi ne ya fi kowa haɗuwa da ɗan sanda a rana, an bar shi da nau'in da ya fi rauni a fannin. A duk kantar da kwamfutar ban ga labari ko ɗaya da aka gina a Yamai ko Tawa ko Agadas ba, alhali kayan labarin suna nan birjik: hanyar hamada, zinariyar Jado, rikicin filaye a gefen birni, da jami'in da ke tsakanin rantsuwar aikinsa da kiran dangi. Marubutan Hausa da ke cika wayoyi da labaran soyayya suna da masu karatu a shirye idan suka juya ga wannan.

Wanda zai je ya je da safe kafin tashar ta cika, ya nemi Malam da kansa maimakon yaronsa, ya zo da kati mai isasshen wuri, ya kuma buɗe kashi biyu ko uku a nan take ya tabbatar da jerinsu da muryarsu kafin ya biya. Idan littafi ne, ya duba shafin ƙarshe ya ga ko yana nan, ba tare da ya karanta shi ba. Sabon shiga ya fara da zangon farko na Engrenages, wanda kashi 8 ne kawai, ko da L'Empreinte du renard idan ya fi son karatu, ya bar The Shield sai ya sami makonnin da zai iya binsa a jere, domin fim ne da ba ya jure a tsallake masa kashi.